Raya Ƙasar Noma da Samar da Kasuwa Mai Adalci ga Ƙananan Manoma

Gabatarwa

Mafi yawan al'ummar wannan jiha manoma ne, kuma mafi yawan manoman nan ƙanana ne, waɗanda suka gaji gonakinsu kaka da kakanni, suke noma su da ƙarfin iyalinsu. Koke-koke biyu ne aka fi ji daga gare su a ko'ina. Na farko shi ne ƙasa ta gaji, gonar da a da take ba da dami ɗari yanzu da ƙyar take cika rumbu ɗaya. Na biyu kuwa shi ne farashi yana faɗuwa da kaka lokacin da manomi yake sayarwa, sa'an nan ya tashi da bazara lokacin da ya koma saye. Mun shirya wannan bayani ne domin manoma, da masu unguwanni, da dagatai, da hakimai, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, saboda mu nuna cewa waɗannan matsaloli biyu a haɗe suke. Manomi ba zai jure wahalar raya ƙasa ba sai ya tabbata cewa amfanin da zai fito nasa ne, kuma zai sayar da shi da daraja.

Matsayin ƙaramin manomi

Ƙaramin manomi shi ne wanda gonarsa ba ta wuce hekta biyu ba ko makamancin haka, wanda abin da ya noma shi ne abincin gidansa, rarar kuma ita ce kuɗin sutura da magani da makarantar yara. Wani bincike da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa biyar daga cikin kowaɗanne gonaki shida na duniya ba su kai hekta biyu ba. Waɗannan gonaki kimanin kashi 12 cikin 100 na ƙasar noma kaɗai suka mamaye, amma suna samar da kusan kashi 35 cikin 100 na abincin duniya. A watan Disamba na shekarar 2018 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sanarwa kan haƙƙoƙin manoman karkara, wadda ta ambaci haƙƙinsu kan ƙasa, da iri, da samun farashin da zai riƙe iyalinsu.

Ma'anar noman raya ƙasa

Noman raya ƙasa shi ne duk wani salon noma da yake mayar wa ƙasa ƙarfin da amfanin gona ya ɗebe daga cikinta, ta yadda kowace shekara gona za ta ƙara kyau maimakon ta ƙara lalacewa. Ginshiƙansa huɗu ne: barin itatuwa a cikin gona, tare ruwan sama domin ya nutse a inda ya sauka, mayar da taki da ragowar amfanin gona cikin ƙasa, da kuma haɗa hatsi da wake ko gyaɗa. A da, idan gona ta gaji, sai a bar ta saura shekara biyar ko fiye ta huta. Yawan jama'a da rabon gado sun sa yanzu babu filin yin haka a mafi yawan garuruwanmu, saboda haka dole ne a ciyar da ƙasa alhali ana nomanta.

Abin da muka gada

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun daga shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin ƙauyukan da suke kewaye da birnin Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Ya gano cewa abin da ya riƙe ƙasar shi ne haɗa noma da kiwo. Manomi yana ɗaure awaki da tumaki a gida da damina, ya ciyar da su harawa da karmami, da rani kuma ya kwashe takinsu a kan jaki ya kai gona, har da tokar murhu da sharar birni. Bugu da ƙari, ba ya sare kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya da suke cikin gonarsa.

Daga cikin itatuwan gona babu kamar gawo. Shi ne itacen da yake zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, sa'an nan ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da za su ci. Ganyen da ya zuba, da kashin dabbobin da suka kwanta a gindinsa, da sinadarin naitirojin da saiwoyinsa suke tarawa, su ne suka sa hatsin ƙarƙashin gawo ya fi na sarari kyau. Tarihi ya nuna cewa a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan sare shi.

Sassabin zamani: darasi daga Maraɗi

Babban misalin raya ƙasa a yankinmu ya faru ne a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, a tsakanin manoma masu yare da ƙasa da damina irin namu. Bayan farin 1972 zuwa 1974, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, amma galibinsu sun mutu. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa tohon da manoma suke sassabewa kowace shekara yana fitowa ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu suke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a rage tohon, a bar mafi ƙarfi ya girma. Manoman yankin suka sa wa wannan hanya suna sassabin zamani.

Da aka yi yunwar 1984, an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga amfani: itacen girki, da abincin dabbobi, da raguwar iska, da ƙaruwar hatsi. Daga nan sai abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, ya kai Damagaram da Tawa. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa an raya kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, wato kimanin itace 40 a kowace hekta, tare da ƙarin hatsi da ya kai tan 500,000 a shekara.

Abin lura ga hukumomi shi ne dalilin da ya sa manoma suke sare toho tun farko. Dokar daji da aka gada daga zamanin Turawan Faransa ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, kuma malamin daji yana iya cin tarar manomi a kan itacen da yake tsakiyar gonarsa. Saboda haka manomi ya ga gara ya kawar da itace tun yana ƙarami. Sai da aka sassauta wannan, ta hanyar dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, sa'an nan manoma suka sami natsuwa. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya. A wasu garuruwa, kamar Ɗan Saga a gundumar Agye, jama'a sun kafa kwamitin tsaro da ya ƙunshi maza da mata da makiyaya domin hana saran dare.

Yadda ake yin sassabin zamani

1. Kafin sassabe, manomi ya zagaya gonarsa ya gano kututturan da suke toho, kamar sabara, da kalgo, da gawo, da aduwa, da magarya, da marke.
2. A kowane kututturen da ya zaɓa, ya bar rassa uku zuwa biyar mafi tsayi da miƙewa, ya yanke sauran.
3. Ya yi amfani da wuƙa ko gatari mai kaifi, ya yi saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya tsage.
4. Ya rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayin kowane reshe, ya bar na sama.
5. Ya ɗaura tsumma ko wata alama domin mai wucewa ya san an raya itacen ne da gangan.
6. Ya riƙa komawa bayan 'yan watanni yana cire sabon toho. Bayan shekara biyu ko uku yana iya yanke reshe ɗaya a shekara domin girki ko sayarwa, wani ya maye gurbinsa.

Wannan aiki ba ya bukatar sayen iri, ko gandun reno, ko ban ruwa.

Tassa da rabin wata

A inda ƙasa ta zama fako, ruwa yana gudu a kanta ba ya shiga, ana amfani da ramukan tassa. Asalinsu daga yankin Yatenga ne na ƙasar Burkina Faso, inda ake kiransu zayi, kuma manomin da ya inganta su ya yaɗa su shi ne Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023. Shi da Tony Rinaudo sun sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A shekarar 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka ziyarci Yatenga, suka dawo da wannan dabara gida.

Ana haƙa ramin ne da rani, faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 10 zuwa 20, da tazarar kimanin taku ɗaya. Ana tara ƙasar da aka haƙo ta ɓangaren gangare domin ta tare ruwa, sa'an nan a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara tana zuwa cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya bi ramukanta ya nutse. Idan ruwa ya sauka sai a shuka gero ko dawa a ciki. Rabin wata kuwa babban rami ne mai siffar jinjirin wata, wanda bakinsa yake fuskantar inda ruwa yake gangarowa. Aikin tassa yana da nauyi, domin hekta ɗaya tana iya cin kimanin awa 300, saboda haka ya fi dacewa da gayya.

Taki da haɗa shuka

Noman raya ƙasa bai haramta takin zamani ba. Taron ƙolin da aka yi a Abuja a 2006 ya nuna cewa a wancan lokacin manomin Afirka ta kudu da Sahara yana amfani da kimanin kilo 8 ne kawai a hekta. Sai dai takin zamani ya fi aiki a ƙasar da take da takin gargajiya, domin a jigawa mara ƙarfi ruwa ne yake wanke shi. Tsadar da ya yi tun daga 2022 ta ƙara nuna muhimmancin tattalinsa. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta nuna cewa sanya kimanin giram 6 na takin NPK, wato cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka yana ƙara amfanin gero ƙwarai da kuɗi kaɗan.

Wake da gyaɗa da waken suya suna tara naitirojin a saiwoyinsu. Reshen cibiyar IITA na Kano ya gwada tsarin shuka kunya biyu ta hatsi da kunya huɗu ta wake, wanda yake ba wake isasshiyar rana, ya ba da ƙwaya da harawa mai yawa. Juya hatsi da waɗannan amfani yana kuma taimakawa wajen rage wuta-wuta. Haka zalika muna jan hankalin manoma da su daina ƙona kara da ciyawa, su bar wani kaso a gona domin ya kare ƙasa daga iska, su kuma raya tsohuwar al'adar nan ta ba makiyaya masauki a gona bayan girbi.

Matsalar kasuwa

Da kaka ne bukatu suke haɗuwa a kan manomi: biyan bashin taki, da aure, da gyaran ɗaki, da kuɗin makaranta. Kowa yana kai hatsi kasuwa a lokaci ɗaya, sai farashi ya karye. Wanda ya ci bashi da damina a kan zai biya da hatsi, shi ne ya fi shan wahala, domin tun kafin girbi an riga an yanke wa amfaninsa farashi. Ban da wannan akwai bambancin awo, inda mudu ko tiyar saye ta fi ta sayarwa girma, ga la'ada, ga kuɗin mota, ga harajin hanya. Hatsin da ya bar ƙauye da araha shi ne yake isa manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano da Maigatari a Jigawa da daraja. Dillali da ɗan kasuwa suna da aikinsu, domin su ne suke haɗa kaya su kai nesa. Abin da ake nema shi ne manomi ya sami ikon jira, da sanin farashi, da ƙarfin ciniki.

Hanyoyin samun farashi mai kyau

Ajiya. Ƙwari ne suke tilasta wa manomi sayar da wake da wuri. Buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi sosai a 2007, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan an busar da wake sarai, aka ɗaure kowane hawa daban, iskar ciki tana ƙarewa, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. A ɗora buhun a kan katako, a kiyaye shi daga ɓera. Wannan ya shafi lafiya da kasuwa baki ɗaya, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Jinginar da hatsi. A Nijar akwai tsarin da ake kira warantaji, wanda ya bunƙasa tun daga 1999 da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona. Ƙungiyar manoma tana tara hatsinta a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da ya ba da rance. Kowane manomi yana karɓar wani kaso na darajar hatsinsa, ya yi noman rani ko kiwo da shi, bayan wasu watanni ya biya ya karɓi kayansa. Akwai shekarun da farashi ba ya tashi yadda aka zata, don haka ya kamata ƙungiya ta yi lissafin kuɗin sito da na rance kafin ta shiga, ta kuma nemi tsarin rancen da ya dace da addinin membobinta.

Ƙungiya da sikeli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma ashirin da suka haɗa riɗi ko zoborodo ko wake, suka tsaftace shi, suka auna da sikeli, suna iya cika mota su yi ciniki da babban mai saye kai tsaye. Wayar hannu da rediyo sun sauƙaƙa sanin farashin birni kafin a fita gida.

Sarrafawa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da daddawa, da garin kuka, da man kaɗanya sun fi ɗanyen kaya riba, kuma galibi sana'ar mata ce. Itatuwan da aka raya a gona su ne tushen da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki.

Kasuwar adalci ta duniya

Ga kayan da ake fitarwa waje, akwai tsari na musamman da ake kira kasuwar adalci. A shekarar 1983 manoman kofi na ƙabilun asali, irin su Zapotek da Mihe, a jihar Wahaka ta ƙasar Meziko, suka kafa ƙungiyar UCIRI domin kuɓuta daga masu saye da araha. Haɗin gwiwarsu da wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan ne ya haifar da tambarin Max Havelaar a 1988, sa'an nan a 1997 aka kafa uwar ƙungiyar Fairtrade a birnin Bon na Jamus. Tsarin ya tanadi mafi ƙarancin farashin da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba, da ƙarin kuɗi da membobi suke yanke shawarar aikin da za a yi da shi. A Afirka ta Yamma, ƙungiyar manoman koko ta Kuapa Kokoo da aka kafa a Gana a 1993 ta bi wannan hanya. Sai dai samun takardar shaida yana cin kuɗi da lokaci, kuma tsarin ya fi shafar kayan fitarwa, ba geron da dawar da muke sayarwa a kasuwannin mako ba. Darasin da ya shafe mu shi ne ƙungiya mai rajista, da littafin lissafi, da tsayayyen inganci.

Nauyin da ke kan hukumomi da shugabanni

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, kuma a 2015 Nijeriya ta kafa hukumar da take kula da shi a jihohi 11 na bakin hamada. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma nasarar irin waɗannan shirye-shirye tana hannun waɗanda suke kusa da manomi. Don haka muna tunatar da su kamar haka:

1. Sashen daji na ƙaramar hukuma ya fayyace wa jama'a a bainar taro abin da doka ta halatta wa manomi game da sassabe da amfani da itacen da ya raya.
2. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar riƙon fili na gargajiya a karkara. A sauƙaƙa samunta, har ga mata da marayu.
3. Gonar aro ko haya ko jingina, a rubuta yarjejeniyarta a gaban dagaci, a ambaci wanda zai amfana da itace da taki.
4. A kare burtali da mashaya, a sanya makiyaya cikin kwamitin kula da itatuwa.
5. Sarakunan kasuwa da hukuma su daidaita awo, su kawar da harajin da ba ya bisa doka.
6. A gyara sitocin da aka yi watsi da su a miƙa wa ƙungiyoyi masu rajista.
7. Malaman gona su shirya wa manoma ziyara zuwa gonakin 'yan'uwansu da suka gwada waɗannan hanyoyi, domin gani ya kori ji.

Kammalawa

Muna kira ga kowane manomi da ya fara da abin da yake hannunsa a sassaben bana: kututture goma, da kwando ɗaya na taki a kan fako, da buhu ɗaya na wake da zai ajiye zuwa bazara. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na gundumarsa, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin shiyya na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sanya albarka a cikin abin da muka noma, amin.